Baƙo a Tsakar Gidan Mutanen Fas

Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar birnin Fas na ƙasar Maroko, ko don ya tsaya a kabarin Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya sauka garin a 1798 ya zauna cikinsa har wafatinsa a 1815, ko don ya yi salla a masallacin Ƙarawiyyin wanda Faɗimatu al-Fihriyya ta assasa a 859, ko kuwa don fatauci kurum, to tun bai ɗaure kayansa ba akwai wata mas'ala da za ta sha gabansa, wadda a ido ƙarama ce, amma in an tona ta sai a iske ta taɓo hukuncin gado da haƙƙin maƙwabtaka da makomar gari ɗungum, watau mas'alar masauki. Gama baƙon Fas yana tsakanin zaɓi biyu. Ko dai ya sauka a sabon garin da Faransawa suka zana bayan sun shimfiɗa mulkinsu a 1912, inda ake da manyan otal-otal masu hawa da yawa da tituna masu faɗi, mota ta kai shi har bakin ƙofa. Ko kuma ya shiga cikin ganuwa, tsohon birnin da suke kira Fasul Bali, ya sauka a ɗaya daga cikin gidajen attajiran da, waɗanda aka gyara aka mai da su ƙananan masaukai masu ɗaki biyar ko takwas ko goma, waɗanda aka fi sani da sunan riyad.

Mu uku muka yi tafiyar: ni, da wani dattijo malamina wanda a gabansa na karanta Ajurrumiyya ina yaro, littafin da mawallafinsa Ibn Ajurrum mutumin Fas ne, a can kuma ya rasu a 1323, da wani Alhaji abokina ɗan kasuwa, wanda shi ya ɗauki nauyin nema mana masauki, ya kuwa zaɓi na cikin ganuwa. Kwana uku muka yi a gidan, kuma tun daren farko saɓani ya shiga tsakanin Malam da Alhaji a kan ko saukarmu nan alheri ce ga mutanen unguwar ko cuta, saɓani na ladabi, irin wanda ba a ɗaga murya a cikinsa, amma wanda bai ƙare ba har muka rabu a filin jirgi. Ni da na zauna tsakani ina saurare, na dawo gida da hujjojinsu duka a zuciyata ina juya su, su ne kuma nake so in baje a gaban mai karatu, sa'an nan in faɗi inda na karkata.

Wajibi ne in fara siffanta gidan, domin wanda bai ga irinsa ba ba zai gane abin da ake jayayya a kansa ba. Mota ba ta shiga Fasul Bali. A bakin ƙofa take ajiye mutum, ko Bab Bujulud mai shuɗin ado ta sama, ko dandalin Rasif ta ƙasa, daga nan mai amalanke ya ɗora kaya ya shige gaba, baƙo na biye, cikin lunguna da ake cewa sun haura dubu tara, waɗansunsu in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango, ga alfadarai ɗauke da fatu da tukwanen gas, masu kora suna ta kiran "balak, balak", watau a kauce. Bayan mun sha kwana ba adadi, sai muka tsaya gaban wata ƙofar katako a jikin wani dogon bango marar taga, wanda da ni kaɗai ne da na wuce shi ina zaton kango ne. Aka buɗe, muka bi wani siririn soro mai duhu wanda ya karya kwana, kamar yadda zaurukanmu suke karkata ƙofa don kada na waje ya hango cikin gida, sai ga mu a wata tsakar gida buɗe ga sama, ruwa na ɓuɓɓugowa daga kwanon marmara a tsakiya, itatuwan lemo a kusurwoyi, ɗakuna hawa biyu sun kewaye ta, kowane ɗaki ƙofarsa da tagarsa suna duban ciki. Daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum bangon yana sanye da zallij, watau ƙananan gutsattsarin tangaran masu launi da ake sarewa da guduma ɗaya bayan ɗaya a jera su su ba da taurari. Bisansa farar ƙasa ce da aka sassaƙa da wuƙa tun tana ɗanya. Can sama kuma katakon wani itace mai ƙamshi da suke kira arz, wanda ake sarowa daga duwatsun Atlas. Malam ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya yi tasbihi, sa'an nan ya tuna mana cewa kalmar riyad jam'in rauda ce, watau lambu, kuma a asali gidan da ke da shuke-shuke a tsakarsa shi ake kira haka, wanda ba shi da su sunansa dar, ko da yake masu sana'ar masauki yanzu sun game su duka da suna ɗaya.

Hujjar Alhaji ta farko, wadda kuma ta fi sauran nauyi, daga tarihin gidajen ya ɗauko ta. Ya ce a duba yadda aka yi suka zama abin sayarwa. Da Faransawa suka ɗauke gadon mulki daga Fas suka kai Rabaɗ, ciniki kuma ya koma bakin teku, sai manyan gidajen Fas, na malamai da na attajirai, suka yi ta ƙaura zuwa Kazablanka da Rabaɗ da sabon gari, suka bar gidajen kakanninsu a hannun magada, waɗanda yau goma ne, gobe arba'in, jibi ba wanda ya san adadinsu, wani a Faransa, wani a Kanada, ba mai iya gyarawa shi kaɗai, ba kuma mai yarda ya kashe kuɗinsa a kan abin da rabonsa a ciki bai kai ɗaki guda ba. A bayansu mutanen karkara suka kwararo neman abinci, aka yanyanka gidan da aka gina wa iyali ɗaya aka ba iyali takwas ko goma haya, kowa da ɗakinsa da murhunsa, aka tsaga tsakar gida da kwano da labule, rufi ya yi ta yoyo ba mai hawa, damshi ya ci gindin bango, har ya kai yau mai tafiya a lungunan Fas yana bi ta ƙarƙashin gumagumai da aka tokare bango da bango don kada su rufta. Ya juya ga Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ciwo ai mun san shi a gida. Gidan gado nawa ne a cikin birnin Kano ya zama juji, don magada sun kasa rabawa, sun kasa sayarwa, sun kasa gyarawa? Wanda ya zo ya tara magadan nan, ya biya kowa haƙƙinsa, ya fitar da ruɓaɓɓen katako ya sa sabo, shin ɓarna ya yi ko ceto?"

Daga nan ya wuce ga masu sana'a, ya kuwa daɗe a kansu, domin shi mutum ne mai ƙaunar aikin hannu. Ya ce zallij ɗin nan da muke sha'awa ba a littafi ilminsa yake ba, a hannun mu'allim yake, wanda ya koya daga nasa mu'allimin tun yana yaro yana tsugune yana sare tangaran, kuma ilmin da ke hannu in bai sami aiki ba shekara ashirin ya tafi ke nan, ba kamar nahawu ba da za a tarar da shi a kan takarda bayan ƙarni biyar. Hukumar UNESCO ta sa Fas cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981, gwamnati ta kafa hukumar ADER a 1989 don ceto tsohon birnin, an gyara makarantun sarakunan Banu Marin irin su Bu'inaniyya da Aɗɗarin, amma aikin gwamnati yana da iyaka, in an gama makaranta an gama. Abin da ke riƙe da mai zallij da mai sassaƙar farar ƙasa da kafinta da maƙerin tagulla na dandalin Saffarin a kullum shi ne gidajen nan da ake gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara da cewa kuɗin da muka biya a nan ba a bakin titi ya tsaya ba, ya shigo lungu: mai amalanke ya samu, matar da ke dafa mana abinci 'yar unguwar ce, haka mai wanki da mai kayan miya da yaron da ke raka baƙi. Kuma saukar da baƙo a karɓi lada ba bidi'a ba ce a Fas, gama Hasan al-Wazzan, wanda ya tashi a garin, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Zazzau a littafinsa da aka buga a Banis a 1550, ya ce a zamaninsa funduƙan Fas sun kusa ɗari biyu, ga na Najjarin nan har yau a tsaye, an mai da shi gidan tarihin sana'ar katako a 1998. Mu ma da fatomominmu muka tashi, masu saukar da fatake su yi musu dillanci.

Akwai kuma amfanin da baƙon kansa yake samu, wanda ni shaida ne a kansa. Daga ƙofar gidan zuwa zawiyar Shehu tafiya ce ta 'yan mintoci, saboda haka muka sami asuba da wazifa cikin jam'i kwana ukun nan duka, muka zauna zikirin Juma'a tare da mutanen Senegal da Mali da 'yan'uwanmu Hausawa ba tare da muna duban agogo don neman motar komawa ba. Wanda ya sauka sabon gari yakan shigo da hantsi ya fita da la'asar, ya ga Fas tana ciniki, bai taɓa jin ta tana barci ko tana farkawa ba.

Malam bai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, abin da ya sa maganarsa ta fi shiga raina ke nan. Ya ce Alhaji ya yi magana a kan gida, shi kuwa damuwarsa unguwa ce, kuma mai yiwuwa ne a ceci gida a kashe unguwa. Mutanen Fas sun ce unguwa ba ta cika sai da abu biyar: masallaci, da makarantar allo, da gidan wanka, da famfon sadaka da ake ɗiba a bakin hanya, da tanderun jama'a, inda kowane gida yake kwaɓa burodinsa ya ɗora a kan allo ya rufe da ƙyalle, yaro ya kai a gasa. Duk biyar ɗin nan da mazauna suke rayuwa. Gidan da a da yake fitar da yara goma sha biyar zuwa makaranta, da alluna uku zuwa tanderu, da maza shida zuwa sahun asuba, da mata zuwa gidan wanka kowane mako, in ya zama masauki sai ya daina fitar da kome daga cikin waɗannan, domin baƙo yana da banɗakinsa a ɗaki, ba ya kwaɓa gari, ba ya zuwa da almajiri, galibinsu kuma ba masu salla ba ne. Gida ɗaya ba ya nuna, biyu ba sa nuna, amma ranar da rabin lungu ya juye, mai tanderu zai kashe wutarsa, malamin allo zai naɗe buzunsa, sauran mazaunan kuma, da suka ga babu abin da ya rage musu sai tsadar kaya da ƙarar akwatuna a kan duwatsun hanya da tsakar dare, su ma su tattara. Ya ce ba duba yake yi ba, an riga an gani a Marrakish, inda tun daga shekarun 1990 Turawa, musamman Faransawa, suka yi ta sayen gidajen cikin ganuwa har farashinsu ya fi ƙarfin 'yan gari, waɗansu lungunan suka zama jerin masaukai.

Da ya zo kan funduƙai sai ya ce wannan ƙiyasi ne tare da bambanci. Funduƙi a bakin kasuwa ake gina shi, ko kusa da ƙofar gari, ko a kan babbar hanya, inda dama wurin baƙi ne da dabbobinsu. Lungun da iyalai suke zaune, wanda suke kira darb, da yawansu ba sa ɓullewa ko'ina, a da ma har ƙofa ake rufe musu da dare, baƙon ido ba ya shiga sai da dalili. Ko baƙon mai gida, in zai kwana, akwai wani ɗan ɗaki a sama da ake kira masriyya, mai matakalarsa dabam, don ya shiga ya fita bai keta tsakar gida ba, kamar yadda baƙonmu yake tsayawa a zaure ko shigifa. Shi kansa Wazzan ɗin da aka kafa hujja da shi bai yabi halin da yawa daga masu funduƙan zamaninsa ba, ya ambaci sayar da giya a cikinsu. Abin da aka yi yanzu shi ne an ɗauko funduƙi daga kasuwa an dasa shi a tsakiyar gidajen aure, bango ɗaya tsakaninsa da ɗakin tsohuwa, ga shi kuwa a waɗansu masaukan ana shan abin da maƙwabta ba sa sha, a waɗansu an haƙa wurin ninƙaya inda lambu yake, a ƙasar da fari ya matsa mata har a farkon 2024 hukumomi a waɗansu birane suka umarci gidajen wanka na talakawa su riƙa rufewa kwana uku a mako.

Amma inda ya fi tsayawa shi ne bisa soro, nan ne kuma maganar ta taɓa ni da kaina. A al'adar Fas saman gida na mata ne. Can suke shanya, can suke shan iska da yamma ba lulluɓi, can suke hira da maƙwabta ta kan katanga, namiji baligi kuwa ba ya hawa sai da larura da sanarwa. Malam ya ce wannan ba al'ada ce kurum ba, fiƙihun Malikiyya ya tsaya mata: wani magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibn ar-Rami, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, inda alƙalai suke umartar a toshe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, har an ruwaito daga malaman mazhaba cewa ana hana ladani hawa hasumiya in daga can zai hango tsakar gidajen mutane. To in an hana ladani, wanda don kiran salla zai hau, ina ga wanda zai hau don kallo? Masaukan kuwa abin da suka fi tallatawa ke nan, shan shayi a bisa soro ana kallon gari.

A yammacin rana ta biyu na hau. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin abin da ya kama zuciyata irin wannan ba: gari kwance cikin kwari kamar an zuba shi, koren rufin Ƙarawiyyin da na hubbaren Maulaya Idris suna ɗaukar hasken rana, hasumiyoyi ba iyaka, sa'an nan kiran magariba ya tashi daga wannan gefe, wancan ya karɓa, har kwarin ya cika. Ina cikin haka sai idona ya faɗa kan soron da ke ƙasa da namu, inda wata mata take kwashe shanya tare da 'yarta. Ta ɗago ta gan mu, ni da waɗansu baƙi biyu, ɗaya riƙe da kyamara, sai ta ja zanen da ke hannunta ta rufe kanta, ta kama hannun yarinyar suka sauka, suka bar rabin kayan a kan igiya. Ba wanda ya yi mata magana, ba wanda ya yi nufin cutar da ita, amma mun kore ta daga saman gidanta a lokacin da ya fi kowane daɗi a yini, kuma ina cikin waɗanda suka kore ta. Na sauko da nauyin wannan, ban sake hawa ba.

Da na ba su labari da dare, na zaci Alhaji zai sallama, amma sai ya kawo maganar da har yau ban sami cikakkiyar amsarta ba. Ya ce abin da ya faru laifi ne, magani kuwa a ɗaga katangar soron ko a kafa shinge, ba a rufe masaukin ba. Sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, ina jin tsoron kada ƙaunarmu ga tsohon gari ta sa mu so talaka ya dawwama a cikin abin da mu ba za mu kwana a cikinsa ba. Iyalin da ke ɗaki ɗaya mai damshi, su takwas, banɗaki ɗaya da iyalai goma, bango na barazanar faɗo musu kowace damina, in suka sami hanyar komawa gida mai famfo da taga a wajen ganuwa, wa zai ce musu su zauna don tanderu kada ya mutu? Ba masauki ne ya fara korar mutane daga Fas ba, sun fara fita tun ba a san za a yi shi ba." Malam ya yi shiru har na ɗauka ya gama, sa'an nan ya ce gaskiya ne, amma a bambanta mai gida da ɗan haya. Magaji yana sayarwa ya karɓi rabonsa, ɗan haya kuwa, wanda shi ne ainihin mazaunin, wanda a lungun aka haifi 'ya'yansa, aikinsa kuma yana majema ko kasuwar da zai taka da ƙafa, ba shi da kome a cikin cinikin sai wa'adin tashi. Ko maƙwabci ma, a mazhabarmu shuf'a, watau haƙƙin riga kowa saye, ta abokin tarayya ce kaɗai, ba a ba maƙwabci ita ba kamar yadda Hanafiyya suka ba shi, saboda haka ba shi da ikon tare cinikin ko da yana da kuɗi. Wanda shari'a ba ta ba shi abin kāre kansa ba, in ji Malam, shi ne ya fi cancantar a tsaya a duba shi.

Ni dai, bayan na auna, ban iya bin Malam har zuwa cewa barin sauka a waɗannan gidaje shi ya fi ba, domin na ga gumaguman da aka tokare bangaye da su, na kuma leƙa wani gida da ƙofarsa ke buɗe na ga katakon arz mai shekaru ɗaruruwa ya yi baƙi da hayaƙin gawayi yana zubowa, na tabbata cewa in duk baƙi suka koma sabon gari, ba iyalai ne za su gaji gidajen nan ba, ƙasa ce za ta gaje su. Amma ban yarda da Alhaji ba cewa wanda ya biya kuɗin ɗaki ya sauke abin da ke kansa. A wata aya guda ta Suratun Nisa'i Allah ya jera maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa da abokin zama a gefe da matafiyi, ya yi umarni da kyautata musu duka, kuma wanda ya kwana a riyad ya tara biyu daga cikin sunayen nan a lokaci ɗaya: matafiyi ne mai haƙƙi a kan mutanen lungun, maƙwabci ne kuma wanda suke da haƙƙi a kansa, ko da na kwana uku ne. Masu tallan masauki sunan farko kaɗai suke gaya masa. Don haka a ganina tambayar da ta kamaci mai niyyar tafiya ta wuce ta kyan ɗaki da farashi. Ya bincika ko mai gidan yana zaune a garin ana iya kai masa ƙara in baƙinsa sun yi ba daidai ba, ko kuwa yana wata ƙasa sai dai a aika masa riba, ya bincika ko an kāre soron daga gidajen mutane, ya kuma san a ransa cewa ƙofar da zai ƙwanƙwasa da tsakar dare tana jikin bangon wani mai barci.

Akwai hanya ta uku da muka ji labarinta a can, wadda in Allah ya sake kai ni ita zan nema: wani shiri mai suna Ziyarat Fas da aka fara a 2008, inda iyalan da ke zaune a gidajensu na gado suke gyara ɗaki ɗaya ko biyu su saukar da baƙo, su ci gaba da zamansu, kuɗin ya taimaka musu wajen riƙe rufin. Ba shi da ƙawar riyad, baƙo kuma dole ya bi tsarin gidan maimakon gidan ya bi nasa, wanda ba kowa ke so ba, Alhaji ma ya ce kuɗin ɗaki biyu ba zai taɓa isa a sake zallij ɗin tsakar gida ba, kuma ina jin yana da gaskiya. Amma ita ce ta fi kusa da masriyya, yara kuma suna nan suna fita makaranta da safe. Na so ƙwarai a ce masu tsofaffin gidajen ƙasa na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, masu ɗaurin guga da zanen bango, waɗanda ake rushewa a kafa shagunan bulo, sun kai ga irin wannan muhawara tun gidajen suna tsaye.

A daren ƙarshe Malam ya tambayi matar da ke mana girki inda ake gasa burodin da muke ci, ta ce a cikin gida, a murhun gas, domin baƙi ba lokaci ɗaya suke tashi ba. Ya roƙe ta, in ba zai zama wahala ba, ta kwaɓa na safiyar gobe a kai tanderun unguwa. Washegari, bayan mun dawo daga wazifa, yaron gidan ya ɗauki allon a ka, rufe da ƙyalle, ni da Malam muka bi shi a baya, muka gangara wani ɗaki mai zurfi mai ɗumi, inda wani dattijo yake tsaye cikin rami gaban wuta da dogon matuƙi a hannu, alluna shida ko bakwai jere a gefensa, kowanne ya san na gidan da ya fito ba tare da ya tambaya ba. Da ya ga namu sai ya ɗaga ƙyallen, ya duba, ya tambayi yaron na wane gida ne. Yaron ya faɗi sunan masaukin, wanda ke rubuce a kan ƙofa da harufan tagulla, dattijon ya girgiza kai bai gane ba. Sai yaron ya faɗi sunan dangin da suka gina gidan, waɗanda suka bar shi tun kafin a haife shi, dattijon ya gyaɗa kai, ya yi wa Malam maraba, ya zura burodin cikin wuta.